Lissafin Lefe a Bangon Aji

Waɗanda suka halarci taron ƙungiyar ci gaban unguwarmu sun riga sun ba da labarin nan ta fuskoki daban-daban, har na ji an ƙara masa gishirin da ni kaina ban san da shi ba, saboda haka na ga ya dace a ji daga bakin wanda abin ya faɗa wa. Kun san shekara shida ke nan ina riƙe da muƙamin magatakarda, kun san tsohuwar kwamfutata ta hannu mai ɗauke da Windows 7 da Word 2010, kuma kun san Shugaba ne ya dage sai an aro majigi an haska rahoton kuɗin gyaran magudanar ruwa, wai don kowa ya gani da idonsa a daina gunaguni. Aka tada janareta, aka rufe tagogin ajin da muke aro ranar Lahadi, na haɗa waya, sai ga fuskar kwamfutata a jikin bango, faɗinta ya kai tabarma biyu.

Duk wanda ya saba da Word 2010 ya san cewa idan ya buɗe shi babu wata takarda a ciki, ya danna File, abin da zai fara tarar da shi shi ne jerin takardun da aka buɗe kwanan nan, guda 25 idan ba a taɓa saitin ba, kowace da sunanta, a ƙarƙashin sunan kuma da ƙananan baƙaƙe an nuna foldar da take ciki. Shekara da shekaru ta wannan jeri nake shiga aikina, kamar yadda mutum yake shiga gidansa da dare ba tare da ya kunna fitila ba, kuma ban taɓa tsayawa na karanta shi daga sama zuwa ƙasa ba. Hannuna ne ya danna File da kansa, ina magana da Shugaba a kan kuɗin siminti, kaina a sunkuye. Abin da ya sa na ɗago shi ne shirun da ajin ya yi, irin shirun da ake yi idan an ga hayaƙi a gidan maƙwabci amma ba a tabbatar ko girki ba ne.

Sai na ji muryar Ma'aji daga bencin baya, yana karantawa a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai bita a gaban malamin allo. Ya karanta na farko, "Rahoton magudana na ƙarshe." Ya karanta na biyu, "Rahoton magudana na ƙarshe na gaskiya," ya dakata, ya maimaita "na gaskiya" ɗin, har Shugaba ya juyo ya dube ni ta saman tabaronsa. Ya karanta na uku, "Takardar ajiye muƙamin magatakarda, kada a aika tukuna." Na huɗu kuwa, wanda sunansa "Waɗanda ba su biya kuɗin wata ba," ya tsallake shi kamar babu shi a bangon, kuma ni da shi mun san dalili. Ya karanta "Hanyoyin rage tumbi" da irin muryar da ake sanar da ɗaurin aure. Sannan ya iso na bakwai, ya gyara murya, ya ce, "Lissafin lefe da sadaki, sirri."

A bencin gaba, daidai inda hasken majigin yake wucewa ta saman hularsa, Yaya ne zaune, wato yayan uwargida, wanda shi ya karɓi sadakinta da hannunsa shekara goma sha tara da suka wuce, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa saboda bencin na 'yan aji uku ne. Bai ce komai ba. Ya cire hula, ya leƙa cikinta na ɗan lokaci kamar mai neman wani abu da ya ajiye, ya mayar da ita, ya daidaita karinta da yatsu biyu. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Na kai hannu kan linzami, kuma a nan na gane cewa majigi ba takardu kaɗai yake nunawa ba, har da rawar hannun mutum. Kibiyar da a kwamfutata ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, a bango ta zama kamar ƙadangaren da aka kora, ta yi sama, ta yi ƙasa, ta zagaya sunan sau biyu, mutum arba'in suna bin ta da ido. A gefen dama na sunan na hangi wata 'yar ƙusa, irin wadda ake kafe takarda da ita a allon sanarwa, kuma a cikin ruɗewa na ɗauka cewa idan na danna ta sunan zai faɗo ya ɓace. Na danna. Sunan ya tashi daga na bakwai ya koma na ɗaya, ya zauna a saman dukan takardun ƙungiya, aka ja masa layi a ƙasa kamar kanun jarida. Baba Liman, wanda tun farkon taron nake zaton barci yake yi, ya ce, "To, ga shi ya hau sama."

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da har yau idan na tuna a kan abin salla sai na sake niyya. Na ɗaga hannun babbar rigata na rufe allon kwamfutar da ke gabana, na tsaya a haka ina kallon jama'a da fuskar wanda ya shawo kan matsala, na manta sarai cewa ba allon suke kallo ba. Da na fahimci haka sai na tashi na tsaya a gaban majigin don in tare hasken da jikina. Rigar farar shadda ce, sabon guga, kuma babu bangon da ya fi ta karɓar rubutu. Waɗanda suke gaba sun rantse mini cewa "Hanyoyin rage tumbi" ya sauka daidai a kan wurin da ake magana, baƙaƙen sun ɗan lanƙwasa saboda yanayin ƙasar. Janaretan nan da bai taɓa kai mu ƙarshen taro ba tare da ya mutu sau biyu ba, ranar ko tari bai yi ba.

Dole in tsaya a kan Ma'aji, domin shi ne ainihin ciwon. Shekara uku ke nan duk lokacin da na miƙa masa rasit don ya mayar mini da kuɗin takarda ko na buga rahoto, sai ya nisanta shi da fuskarsa, ya matso da shi, ya ce rubutun ya yi ƙanana, ya manta tabaronsa a gida, in kawo wani makon. Akwai rasit ɗin da ya yi wata bakwai yana zuwa taro yana komawa a aljihuna har ya yage ta wurin ninki. Wannan mutumin ne, daga bencin ƙarshe, babu tabarau, cikin ɗaki mai duhu, ya karanta layi bakwai babu tuntuɓe. Bai tsaya nan ba. Bayan na matsa daga gaban hasken, sai ya ce, "Malam Magatakarda, wancan ƙaramin rubutun na ƙasa fa?" Ya kuma karanta da kansa, tun kafin kowa ya amsa, sunan foldar da takardar take ciki, wato "Darussan Islamiyya." Baba Liman ya buɗe ido gaba ɗaya a karo na farko. Ni ban ce ba ni da laifi ba, amma mutumin da idonsa yake warkewa a kan asirin wani, ya koma ciwo a kan rasit, ya kamata a duba lamarinsa a babban taron shekara.

Game da ita takardar, abin da zan faɗa kaɗan ne. Wani dare ne bayan bikin wani abokin aiki na zauna na jera akwatuna da atamfofi da lesuka da mayafai da takalma da kayan shafa, don kawai in san inda farashi ya kai, kamar yadda mutum yake tambayar kuɗin mota alhali ko taya ba zai iya saya ba. Babu wata a ƙasa, kuma ko da a ce akwai, jimillar da ta fito a layin ƙarshe ta isa ta kore ta. Abin da ya ɗaure mini kai, tun ina tsaye a ajin, shi ne na fi wata takwas ban buɗe takardar ba, to me ya kawo ta cikin bakwai na farko a jerin da ake cewa na kwanan nan ne?

Da dare, bayan kowa ya kwanta, na ɗauki kwamfutar na shiga zaure da niyyar kashe maganar. Dabarata ta farko ita ce canza suna. Na je foldar, na mayar da takardar "Lissafin takin zamani," na buɗe ta don in tabbatar, na dawo jerin cike da fata. Sai na tarar da sunaye biyu, tsohon yana nan a sama inda na kafe shi, sabon kuma yana biye da shi, dukansu a cikin "Darussan Islamiyya," ta yadda ko yaro zai gane cewa takin da lefen uwarsu ɗaya. Dabara ta biyu ta fi cin lokaci. Na yi tunanin cewa tunda jerin 25 kawai yake ɗauka, idan na buɗe wasu takardu 25 dole tsofaffin su zube ta ƙasa, kamar yadda ake cika mota sabbin fasinjoji su tura na bakin ƙofa. Na bi tsofaffin foldodi ina buɗewa ina rufewa, takardun gayyatar suna, jadawalin sharar unguwa na shekarun baya, wasiƙun neman taimako da ba a taɓa amsawa ba, kowace sai tsohuwar kwamfutar ta yi nishi kafin ta buɗe. Wajen ƙarfe ɗaya na dare takin ya zube, tumbin ya zube, takardar ajiye muƙami ta zube. Lefe kuwa yana nan a layin farko bai motsa ba, domin aikin 'yar ƙusar nan ke nan, ta hana takardar da ka fi buƙata ɓacewa komai yawan abin da ka buɗe bayanta. Da hannuna na ba shi kujerar dindindin.

Cikin fushi na goge takardar gaba ɗaya, na bi ta kwandon shara na zubar da shi. Na dawo, sunan yana nan. Na danna shi, Word ya fito da saƙo cikin ladabi cewa bai sami takardar ba, wataƙila an canza mata suna ko an matsar da ita ko an goge ta, wato ya lissafa mini laifuffukana a jere, sannan ya bar sunan inda yake. Garin neman gira na rasa ido: lissafin da na sha wahalar tattarawa ya tafi, shaidar kuwa ta zauna.

Washegari na kira yaron nan mai gyaran kwamfuta na bakin titi, ban gaya masa sunan takardar ba, shi kuma bai tambaya ba, abin da ya tabbatar mini cewa labarin ya riga ni isa shagonsa. Ya ce, "Baba, abu ne mai sauƙi, a rajistar Windows ake cire shi," ya turo mini saƙon murya mai tsawon minti huɗu. Na bi umarninsa na rubuta regedit don buɗe rajistar, wato inda Windows yake ajiye saitunansa, na shiga HKEY_CURRENT_USER, na gangara Software, Microsoft, Office, na tsaya ina neman 2010 ban gani ba, sai wata folda mai suna 14.0. Na sake kiransa ya ce ita ce, domin Office 2007 shi ne na 12, na 2010 kuma na 14, kamfanin ya tsallake 13 saboda Turawa suna camfa lambar. Na ji daɗin sanin cewa masu ƙera manhaja ma suna da abin da suke tsoro. A cikin Word, ƙarƙashin File MRU, na ga jerin nawa a kwance layi-layi, tsirara, babu ado. Amma a ƙarshen saƙon yaron ya ƙara da cewa in yi hankali, idan na goge abin da ba shi ba Windows na iya ƙin tashi. Na dubi dogayen sunayen da ke kewaye da ni, na tuna cewa hannun nan ne ya danna ƙusa a gaban mutum arba'in, na rufe tagar a hankali na fita kamar wanda ya shiga ɗakin tiyata bisa kuskure.

'Yata ta biyu, wadda take aji huɗu na sakandare, ita ce ta same ni a zaure na zabga tagumi. Ta ce, "Abba, me ya samu kwamfutar?" Na ce wani suna ne ya maƙale a jeri, na aikin ofis. Ta durƙusa gefena, ta duba, ta nuna layin farko da yatsa ta ce, "Wannan ne?" Na kalli rufin zaure na ce shi ne. Ta ɗora kibiya a kan sunan, ta danna ɓangaren dama na linzami, wani ɗan jadawali ya fito, ta zaɓi inda aka rubuta a cire daga jeri, sunan ya ɓace. Bai kai daƙiƙa biyar ba. Ta yi mini bayani, idonta a ƙasa, cewa jerin ba takardun ba ne, sunayensu ne kawai da adireshinsu, kamar littafin da maigadi yake rubuta baƙi a bakin ƙofa, don haka ko baƙon ya tafi ko ya mutu sunansa yana nan sai an soke shi, kuma soke sunan ba ya taɓa baƙon. Ta nuna mini cewa a wannan ɗan jadawalin akwai wurin share duk waɗanda ba a kafe ba a lokaci ɗaya. Ta kai ni File, Options, Advanced, ta gangara sashen Display, ta nuna mini akwatin da ake rubuta yawan takardun da jerin zai nuna, daga 0 zuwa 50. Na karɓi linzamin da kaina na goge 25 na rubuta 0, na ji wani sanyi ya ratsa ni.

Tana miƙewa ta ce, "Abba, ai Umma ce take buɗe shi. Duk ranar da ta gama lissafin adashi sai ta shiga ta gyara farashin, ta ce kun sa kuɗin atamfa na da." Na tambaya tun yaushe, ta ce tun bara. Na ce to yanzu ai na goge shi. Ta ce, "Tana da shi a filas ɗinta." Uwargida kuwa har yau ba ta ce mini uffan a kan maganar ba, in ban da ranar da ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, akwati saiti ɗaya ka rubuta, yanzu ba a kai ɗaya."

Bayan mako biyu aka sake zama don kammala maganar magudana, kuma Shugaba ya sake aro majigin, jama'a suka cika ajin fiye da yadda suka taɓa cika shi, har da waɗanda rabonsu da taro tun zaɓen shugabanni. Na danna File da ƙarfin gwiwa, bango ya nuna fili fetal, babu ko layi ɗaya. Ma'aji ya ce, "Ikon Allah, an yi shara." Na ƙyale shi. Sai a lokacin na lura cewa ban san inda rahoton yake ba. Shekara shida ina ajiye takardu duk inda Word ya ga dama, ina ɗauko su daga jerin, ban taɓa sanin sunan foldarsu ba. Na shiga nan na fita can a gaban jama'a, na buɗe wata folda na tarar da wata a cikinta, na rubuta "magudana" a wurin bincike, rahotanni shida suka fito, huɗu daga cikinsu suna da'awar su ne na ƙarshe.

Cikin wannan laluben ne yatsana ya zame ya danna ɓangaren dama na linzami a kan tambarin Word da ke sandar ƙasan allo. Ashe Windows ma yana da nasa littafin baƙin, daban da na Word, kuma sifilin da na rubuta bai shafe shi ba. Wani ɗan jeri ya miƙe daga ƙasan bango, gajere, takardu goma, kuma na farkonsu, wanda aka buɗe daga filas daren jiya, sunansa "Lissafin lefe, sabon farashi." Ma'aji bai ma karanta ba a wannan karon, ya dai ce, "Ma sha Allah, magana ta yi nisa." Yaya ya kai hannu kan hularsa, ya fasa cirewa.

Maganin wannan ma ba shi da wuya, 'yar tawa ta nuna mini da muka koma gida: a danna ɓangaren dama a kan sandar, a shiga Properties, a je shafin Start Menu, a cire alamar da ke akwatin ajiye abubuwan da aka buɗe kwanan nan. Na cire, na kuma buɗe wa uwargida nata asusun a kwamfutar da nata kalmar sirri, ta karɓa ta yi godiya, ta tambaya ko tana iya buɗe takardun filas daga can, na ce tana iya.

Rahoton da aka karanta a ƙarshe ba na gaskiyar ba ne, ɗayan ne, saboda haka akwai bambancin buhun siminti uku da za a sake zama a kai. Kuɗin man janareta na zama biyun nan daga aljihuna ya fita, na kai wa Ma'aji rasit ranar Juma'a bayan masallaci, ya nisanta shi da fuskarsa, ya matso da shi, ya ce in kawo wani makon.